Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Ikko: wa ya gina shi, su wa suka taka dandamalinsa?

Duk ɗan ci-ranin da ya bar nan yankin Ringim ko Taura ya sauka Ikko, in dai mota ta bi da shi ta gadar Eko, sai ya hango wani ƙaton gini mai siffar hular soja a unguwar Iganmu. Tun da aka sake buɗe shi a watan Oktoban 2025 hotunansa suke yawo a wayoyi, yaran ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu da dattawan majalisa kuma suka yi ta jefo mini tambayoyi a kansa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, wai wane ne ya gina shi, kuma don me?

Gwamnatin soja ce. An ba da kwangilarsa a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwararowa ƙasar nan. Dalilin ginin kuwa biki ne guda ɗaya: bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC. An yi na farko a Dakar ta ƙasar Senegal a 1966, aka ɗora wa Najeriya na biyu, sai yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya shiga tsakani. Ana cikin shiri aka hamɓarar da Gowon a Yulin 1975. Janar Murtala Muhammed ya hau, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976, don haka a hannun Janar Olusegun Obasanjo aka kammala ginin aka buɗe shi a wannan shekarar. Shugabanni uku ke nan gini ɗaya ya gani kafin a fara wasa a cikinsa.

Kamfanin da ya yi aikin daga Bulgeriya yake, kuma bai wahalar da kansa wajen zane ba. Akwai wani zauren wasanni da al'adu a birnin Varna na ƙasarsu, shi aka kwaikwayo aka faɗaɗa. A ganina a nan aka fara kuskure. Gidan da aka gina don nuna wa duniya al'adun Afirka, sai ga shi siffarsa ta gabashin Turai ce, an tsara shi a rufe ruf, ba ya zaunuwa sai da wuta da na'urar sanyaya ɗaki, a kan ƙasa mai fadama. Wannan zai dawo ya ci shi daga baya.

Me da me ke cikinsa?

Babban zaure mai ɗaukar mutum 5,000, da zaurukan nuna fim guda biyu, da zauren taro da liyafa, da wuraren baje kolin zane da sassaƙa. Tsayinsa ya kai mita 31.

To shi bikin FESTAC ɗin, yaya aka yi shi?

An fara ranar 15 ga Janairun 1977, aka rufe ranar 12 ga Fabrairu. Mahalarta kimanin 16,000 ne daga ƙasashe 56, har da baƙaƙen Amurka da Brazil da tsibiran Karebiyan. Saboda su aka gina rukunin gidajen da har yau ake kira Festac Town, inda wasu daga cikin yaranmu ke gadi ko sayar da shayi ba tare da sanin asalin sunan ba. Bikin buɗewa a filin wasa na Surulere aka yi shi, amma wasannin dandamali da fina-finai da muhawarar masana, gidan Iganmu ne cibiyarsu.

Manyan mawaƙa sun zo. Akwai Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu, wadda a lokacin take gudun hijira saboda mulkin wariyar launin fata, da Stevie Wonder daga Amurka, da Gilberto Gil daga Brazil, da Franco na ƙasar Zayar, da ƙungiyar Bembeya ta Gini. Amma wanda aka fi tunawa da shi a bikin shi ne wanda ya ƙi zuwa. Fela Anikulapo Kuti ya fice daga kwamitin shirye-shirye yana zargin gwamnati da almubazzaranci, ya koma gidan rawarsa yana caccakar sojoji kowane dare, baƙin gwamnati kuma suna sulalewa suna zuwa kallonsa. Kwana shida da rufe biki, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji suka far wa gidansa suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. Ba ta sake lafiya ba har ta rasu a 1978. Wanda duk zai ba ku labarin FESTAC ya tsaya a kan kaɗe-kaɗe, rabin labari ya ba ku.

Mu Hausawa fa, ina rabonmu a ciki?

Rabo biyu, kuma manya. Na farko, fim ɗin da Najeriya ta gabatar a bikin da Hausa aka yi shi: Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta a shekarun 1930. Umaru Ladan, wanda da shi aka mayar da littafin wasan dandamali, shi ya fito a matsayin Shehun. Bayan biki fim ɗin ya yi ɓatan dabo shekara da shekaru, har aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara su, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Jamusawa sun kalle shi a zaure, yawancin jikokin waɗanda aka yi shi da harshensu ko labarinsa ba su ji ba.

Na biyu shi ne hawan daba. Wannan ba a Ikko aka yi shi ba, a Kaduna ne, domin dubban dawaki da raƙuman da masarautun Arewa suka aiko ba zaure ne zai ɗauke su ba. Otal ɗin Durbar na Kaduna saboda wannan taron aka gina shi. A lokacin babu Jihar Jigawa, sai a 1991 aka yi ta, duk muna cikin Jihar Kano.

Da baƙi suka watse, su wa suka ci gaba da amfani da gidan?

Nan ne labarin ya fi daɗi, kuma nan ne nake so 'yan wasanmu su buɗe kunne. Waɗanda suka raya gidan ba ma'aikatan gwamnati ba ne. 'Yan wasan Yarbawa ne masu yawo gari gari da motar kaya, waɗanda suka tara masoyansu tun kafin a kafa harsashin ginin.

Ubansu shi ne Hubert Ogunde, haifaffen 1916. Ɗan sanda ne ya ajiye kaki a tsakiyar shekarun 1940 ya kafa ƙungiyar wasa, abin da a lokacin ake gani kamar hauka. Wasanninsa ba na ban dariya kawai ba ne. Da 'yan sandan Turawa suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, ya shirya wasa a kan kisan, ya zagayo da shi Arewa, hukuma ta hana shi nunawa a Kano. A 1964 kuma gwamnatin Jihar Yamma ta Akintola ta haramta masa wasa a yankin baki ɗaya, saboda wani wasa da ya yi wa 'yan siyasar Yarbawa shaguɓe, haramcin bai tashi ba sai bayan juyin mulkin 1966. Wani abin da zai ba ku mamaki: iyaye a can ma ba sa yarda 'ya'yansu mata su shiga wasa, har ta kai da yawa daga cikin 'yan wasansa mata matansa ne na aure. Kallon da ake yi wa 'yar fim a nan, ba mu muka fara shi ba.

A ƙarshen shekarun 1970 Ogunde ya koma yin fim, haka ma sauran: Moses Olaiya da aka fi sani da Baba Sala, da Adeyemi Afolayan mai laƙabin Ade Love, mahaifin Kunle Afolayan, mai shirya fina-finai na yanzu. Ranakun Lahadi da lokutan bukukuwa iyalai kan yi dogon layi a Iganmu don kallon waɗannan fina-finai. Ogunde ne kuma aka danƙa wa kafa ƙungiyar wasa ta ƙasa a ƙarshen shekarun 1980, wadda wannan gida ya zama mazauninta. Ya rasu a 1990.

In haka yake, me ya durƙusar da shi?

Abubuwa ne suka haɗu. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, yin fim na faifan silima da wanke shi a ƙasar waje ya gagari kowa. Masu satar fasaha suka ƙarasa sauran: Baba Sala ya ci bashi ya yi fim a 1982, aka sace aka kwafa, ya daɗe bai farfaɗo ba. Sai kaset ɗin bidiyo ya shigo, kowa ya koma kallo a ɗakinsa. A Disambar 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja, ginin ya zama maraya. Rufi ya fara yoyo, wuta ba ta tsayawa, zaure mai mutum 5,000 kuwa ba tare da sanyi ba babu mai iya zama a cikinsa. Tun farkon shekarun 1990 aka rufe babban zauren, ya yi kusan shekara 30 a kulle. An sha yunƙurin sayar da gidan ko ba da shi haya ga 'yan kasuwa, 'yan wasa suna tayar da ƙayar baya ana fasawa. Su kansu 'yan wasan, a rumfunan da ke gindin bishiyoyin harabar suka koma zama, a nan ake neman aiki a kuma ƙulla sabon wasa.

Yanzu wa ya gyara, kuma da gaske an canza masa suna?

A Yulin 2020 gwamnatin Buhari ta miƙa shi ga Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna, su suka zuba kuɗin gyaran, wanda aka ce ya kai naira biliyan 68. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa masa sunan Wole Soyinka, albarkacin cikarsa shekara 90, shi ne marubucin wasan kwaikwayon da ya ci kyautar Nobel a 1986. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 2025. Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, wannan ya dogara da kuɗin shiga da kuma ko za a bar ƙananan ƙungiyoyi su hau dandamalin. Gyaran bango da kujeru shi ne mai sauƙin.

Wani dattijo a majalisa ya ce: to mu don me ba a gina mana irinsa a Kano ba?

Baba, Allah ya ƙara girma, amsar tana da fuska biyu. Ta farko, mutanenmu sun daɗe suna ɗari-ɗari da gidan kallo. A Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, ta ci mutum sama da 300, da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Ku da kuka ga zamanin majigi kun sani, in motar gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar dagaci kowa na fitowa, har da mata da yara, amma shiga silima a birni sai a ce yaro ya lalace. Wannan ra'ayin bai mutu ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca, aka janye.

Fuska ta biyu ita ce wadda na fi yarda da ita: wasanmu bai taɓa jiran gini ba. Tashe da yara ke fara yi in azumi ya kai goma, da wasan gauta, da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, da 'yan kama da 'yan gambara a bakin kasuwa, duk wasan kwaikwayo ne, dandali ne zaurensu. Da zamani ya zo, rediyo da talabijin suka ɗauka. Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne kuma Banufe, amma ta gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya shiga kowane gida a ƙasar Hausa. Ƙasimu Yero haka. A Kano, tashar talabijin ta CTV da aka kafa zamanin Abubakar Rimi ta ba ƙungiyoyin unguwa fili, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Rabilu Musa Ibro daga ƙauyen Ɗanlasan ya fito, ya yi aikin gandiroba, ya rasu a Disambar 2014, kuma babu zauren da zai ɗauki adadin mutanen da ya sa dariya.

In ma gini ake so, akwai samfurin da ya fi dacewa da mu. A daidai shekarun da ake zuba kankare a Iganmu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina nata gidan wasan da jar ƙasa, bisa tsarin gidan Bahaushe: ɗakuna zagaye da fili a tsakiya, iska na shiga, 'yan kallo kusa da 'yan wasa. Magina na gargajiya suka yi aikin. Irin wannan, ƙaramar hukuma ma za ta iya, in da niyya.

Malam, in Allah ya kai ni Ikko, ta ina zan bi in gan shi?

Yana tsakanin Ijora da Costain, daga kan gadar Eko ma kana hango shi. Hanya mafi sauƙi yanzu ita ce jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara jigila a Satumbar 2023 tsakanin Marina da Mile 2, yana da tasha a gefen gidan mai ɗauke da tsohon sunansa, National Theatre. In kwandastan bas za ka tambaya ma, tsohon sunan za ka faɗa masa, shi ya sani.