Shin na'ura za ta iya dawo wa mutum da tafiyarsa?

Me ake nufi da auna tafiya? Idon likita bai isa ba ne?

Ido yana ganin ɗingishi, amma ba kullum yake gano sanadinsa ba. Daga lokacin da diddige ya taɓa ƙasa zuwa sake taɓawarsa, daƙiƙa ɗaya ce da ɗan ɗori. A cikinta ƙafa tana ƙasa kusan kashi 60 cikin ɗari, tana sama kashi 40, ga kwankwaso da gwiwa da idon sawu duk suna motsi tare. A ɗakin awo ana manna wa mutum 'yan ƙwallaye masu sheƙi a gaɓoɓi, kyamarori su riƙa bin su, kwamfuta ta fitar da yadda kowace gaɓa ke lanƙwasawa. A daɓen akwai faranti mai auna ƙarfin taku, a kan fata kuma wayoyi masu nuna lokacin da tsoka ta kama aiki da lokacin da ta saki.

Ga amfaninsa. Mutum biyu suna jan yatsun ƙafa a ƙasa. Ɗaya tsokar da ke ɗaga ƙafar ce ta yi rauni, ɗayan kuwa tsokar sha-raɓa ce ta sandare tana janyo ta ƙasa. Tafiyarsu kamar ɗaya, maganinsu daban. Shi ya sa ake wannan awo ga yaran da larurar ƙwaƙwalwa ta sandarar wa ƙafafu kafin a yi musu tiyata, domin jijiyar da aka yanke bisa kuskure ba ta dawowa yadda take.

In babu irin wannan ɗaki fa?

Fili mai tsawon mita 10 da agogo suna faɗin abu mai yawa. Lafiyayyen baligi yana cin wajen mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa. Bayan shanyewar ɓarin jiki, wanda bai kai 0.4 ba galibi tafiyarsa ta cikin gida ce, wanda ya haura 0.8 yana iya fita harkokinsa.

Waɗanne na'urori ake koya tafiya da su?

Akwai Lokomat, wadda kamfanin Hocoma na Suwizalan ya fitar a 2001. Ana rataye majinyaci da ɗamara don rage masa nauyi, injuna su riƙa motsa ƙafafunsa a kan bel mai juyawa. Akwai sulken tafiya da ake ɗaurawa daga ƙugu zuwa ƙafa, irin ReWalk, wanda Amit Goffer na Isra'ila ya ƙirƙiro bayan shi kansa hatsari ya shanye masa jiki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi a gida a 2014. Sai kuma ɗan lantarkin da ke motsa jijiyar ƙasan gwiwa don ƙafa ta ɗago daidai lokacin taku, dabarar da ta faro tun 1961.

Suna aiki kuwa, ko dai tsada ce kawai?

Suna aiki, amma ba ga kowa ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci tana tantancewa, ta fitar a 2020 ta nuna cewa haɗa na'ura da aikin likitan fisiyo, wato likitan gashi da motsa jiki, yana ƙara yiwuwar mai shanyewar ɓarin jiki ya taka da kansa, musamman a watanni ukun farko, kuma musamman wanda ba ya iya takawa sam. Dalili a fili yake: ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyo, na'ura kuwa tana ba da ɗaruruwan taku a zama ɗaya ba ta gaji ba, alhali da hannu sai mutum biyu ko uku sun riƙe majinyaci.

Sai dai a 2011 an wallafa wani bincike a Amurka kan majinyata 408, inda aka gwada tafiya a kan bel da ɗamara da kuma atisaye a gida ƙarƙashin likitan fisiyo. Bayan shekara guda, bel ɗin bai fi atisayen gida ba. Wannan sakamako ina so iyalan majinyata su riƙe shi, don na san yadda zuciya ke karyewa in an ji akwai na'urar da aljihu bai kai gare ta ba. Kuma in na'ura ce ke yin komai, majinyaci ya saki jiki kawai, ƙwaƙwalwa ba ta koyon abin kirki. Gwanin likita yana rage taimakon injin kaɗan-kaɗan har sai mutum ya yi gumi.

Wanda lakarsa ta tsinke gaba ɗaya fa?

Sulke ba ya haɗa laka. Yana tsayar da mutum ya taka da sanduna biyu, a hankali, in an cire shi kuma a koma keken guragu. A 2023 masu bincike a Lozan ta Suwizalan sun ba da rahoton cewa sun dasa wa wani ɗan Holan na'urar da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa ta kai wa laka ƙasa da wurin raunin, har ya hau matakala. Mutum ɗaya ne, lakarsa kuma ba ta tsinke duka ba.

Akwai wanda bai kamata a ɗora a kai ba?

Akwai. Mai ƙashi da ya yi laushi saboda daɗewa a zaune yana iya karyewa, don haka akan fara duba ƙarfin ƙashin. Mai gyambo a inda ɗamara za ta taɓa, da wanda gaɓoɓinsa suka ƙage ba sa miƙewa, sai an fara magance waɗannan tukuna.