Waiwaye: Dalilin da AI ke cewa "babu fayil ɗin" alhali yana nan

Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin matasa masu rubuta manhaja a Birnin Kebbi da ɗaliban kwamfuta na Aliero, a kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI) da ake sakin su cikin kwamfuta su yi aiki da kansu. Ka ce wa AI ta nemo maka lissafin shinkafar bara na ƙungiyar manoma, ta dawo ta ce babu, kai kuwa da hannunka ka adana fayil ɗin. Wasu sun ce ƙarya ce halinta, wasu sun ce mai tambayar ne bai iya ba. A ganina gizo na saƙa ne a ɗan bayanin da ake rubuta wa AI game da manhajar binciken da aka damƙa mata, kuma lamarin ya daɗe yana tahowa.

Farkon labarin sananne ne. A 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagorar Unix, wani tsarin gudanar da kwamfuta, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, kowane umarni da shafinsa, har da sashen da ke faɗin nakasunsa. A 1973 Thompson ya rubuta grep mai laluben kalma cikin fayiloli. Ƙarshen labarin ma kowa ya ji shi: ChatGPT a Nuwamban 2022, sai Yunin 2023 OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ta ba AI damar kiran wasu manhajoji, sannan kamfanin AI na Anthropic ya kawo MCP, tsarin haɗa AI da wasu manhajoji, a Nuwamban 2024. A waɗannan tsare-tsare, abin da AI ke gani shi ne sunan manhajar, bayaninta, da guraben da za ta cike. Shi ke nan.

Tsakiyar ce ake tsallakewa. Shi grep duk inda ka nuna masa yake dubawa, kuma idan ya gama yana barin lamba: 0 ya samu, 1 bai samu ba, 2 an sami matsala. Da ayyuka suka yi girma, sai aka fara ƙera manhajojin da ke zaɓar abin da za su duba da kansu. Fitacciya a cikinsu ita ce ripgrep ta Andrew Gallant, ta 2016, wadda VS Code, manhajar da masu rubuta manhaja ke aiki da ita, ya ɗauka a 2017. Idan ba ka umarce ta ba, ba ta leƙa ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo, ba ta taɓa abin da aka jera a .gitignore (jerin fayilolin da aka ce a yi watsi da su), tana kuma wuce fayilolin da ba zallar rubutu ba. Dabara ce mai kyau, tana ƙara sauri da tsafta, kuma jagorarta ta faɗi komai dalla-dalla. Sai dai daga lokacin "ban samu ba" ta zama magana biyu: ko abin babu shi, ko ba a duba can ba. Ɗan Adam da ya saba, yana ganin allo wayam sai ya yi shakka, ya ƙara umarnin a duba ɓoyayyu. Sannu a hankali wannan sani ya koma zama a kawunan ma'aikata, suka daina jin cewa abin faɗa ne. Da aka zo haɗa irin waɗannan manhajoji da AI, sai a taƙaita jagora mai shafuka zuwa layi guda: "Tana binciken fayiloli." Wani lokacin ma har bambancin 1 da 2 yakan ɓace a hanya, AI ta karɓi amsa fanko. Kamar ɗan aiken da aka tura kasuwar Jega ne ba a gaya masa wasu rumfunan a rufe suke ba. Zai dawo ya rantse babu kayan.

A wajenmu abin ya fi ciwo. Yawancin takardun shagunan buga rubutu na Word ne, fayil ɗin Word (docx) kuwa a matse yake, mai laluben zallar rubutu ba ya karanta cikinsa. Takardar da aka ɗauka hoto kuma ba a maganarta. Ga haruffa masu ƙugiya: sakatare ɗaya ya rubuta kuɗi, wani kudi, wani kud'i, kwamfuta kuma tana ganinsu abu uku daban.

Saboda haka mai son auna ingancin bayanin irin wannan manhaja ya miƙa shi kaɗai ga ɗalibin da bai taɓa ganinta ba, ya tambaye shi: sunan fayil take nema ko abin da ke ciki? Tana bambanta babban baƙi da ƙarami? Me take tsallakewa, kuma idan sakamako ya yi yawa tana yanke shi a ɓoye? Duk tambayar da ɗalibin ya kasa amsawa, a wurin AI za ta yi ƙirdado. Daga nan a ajiye fayil ɗaya a ɓoyayyiyar folda, ɗaya na Word, ɗaya mai ɗ a sunansa, a tura AI ta nemo su, a ga ko za ta ce "ban duba can ba" ko kuwa "babu".