Masai na Zamani Ya Fara Ba Da Matsala: Tambayoyi da Amsoshi

Ruwa ba ya daina tsiyaya cikin tukunyar masai, me ke kawo haka?

Ɗaga murfin tankin baya ka leƙa. In ruwa ya cika har yana malala ta bakin bututun da ke tsaye a ciki, ƙwallon da ke shawagi ne ba ya rufe famfo. A ɗan sauke hannunsa ƙasa. Masu ruwan burtsatse su duba bakin famfon ma, yashi na yawan maƙalewa a wurin. In kuwa ruwan bai kai bakin bututun ba, ɗiga shuɗin wanki a tankin, a bar shi minti 20 ba a kora ba. Shuɗi ya bayyana a tukunya? Robar da ke rufe ƙasan tankin ce ta taurare, sai a canza, ba ta da tsada. Kada a raina wannan tsiyaya, dare da rana take yi, ruwan kuma da kuɗi aka jawo shi.

Ya toshe, ruwa na tasowa. In sake korawa?

A'a, ambaliya zai yi. Rufe famfon da ke jikin bango tukuna. Ɗauko robar nan mai sanda ta buɗe masai in ya toshe, ka tabbata ruwa ya rufe bakinta, ka danna a hankali da farko, sannan ka yi ta dannawa kana ja da ƙarfi. Sabulun ruwa da bokitin ruwan ɗumi na taimakawa, amma ban da tafasasshe, yana iya tsaga tukunyar.

Galibi abin da ke toshe masai leda ce, famfas ɗin jarirai, audugar mata ko tsumma. Babu wanda ruwa ke narkarwa a cikinsu. A ajiye kwandon shara mai murfi a banɗaki.

Wasu na zuba asid, yana aiki?

Ba ya cin leda, amma yana cin fata da ido. Mafi haɗari shi ne ya haɗu da ruwan bilic irin su Hypo: iskar kulorin ce ke tashi, a ɗan ƙaramin banɗaki kuwa tana iya shaƙe mutum. Don Allah kada a haɗa su.

An wanke tas, amma wari bai tafi ba.

Ruwan nan da ke kwance a ƙasan tukunya shi ke tare warin rami. A ɗakin baƙi da aka jima ba a shiga ba yakan ƙafe, musamman lokacin zafi. Kora ruwa sau ɗaya ya isa. In ba nan ba ne, duba mahaɗar tukunya da bututu ko tana yoyo, da kuma bututun iska na waje.

Yaushe za a kira mai gyara?

Idan duk banɗakunan gida sun daina janye ruwa lokaci guda, ko suna ƙugi, musamman da damina, galibi sokawe ne, wato ramin masai na waje, ya cika. Wannan aikin motar kwashe masai ne. Kada maigida ya tura yaro, ko shi kansa ya shiga ramin: iskar ciki na sumar da mutum nan take, sau da yawa har da wanda ya bi shi ceto.