Wai meye Montessori ɗin nan ne?

Yanzu duk unguwar da ka shiga a Kano ko Kaduna sai ka ga allon makaranta an rubuta Montessori ɓaro-ɓaro, har a talla za ka ji ana cewa muna da Montessori da firamare da sakandare, kamar wani aji ne da ake yi kafin firamare. Wasu kuma a ganinsu in dai an kafa lilo da abin zamiya na roba a tsakar gida, an shafe bango da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, to shikenan an zama Montessori. Wannan na biyun ya fi ƙona min rai.

Sunan mutum ne fa. Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, an haife ta a 1870, ta buɗe ajinta na farko a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, saboda yaran da iyayensu ke wuni wajen neman abinci. Talakawa fa na ce, yanzu kuwa sunan ne ma ake ƙara kuɗin makaranta da shi.

Salon koyarwarta ne ake kira Montessori, kuma kayan koyarwar nata ba tarkacen roba ba ne. Ɗauki ɗaya daga cikinsu da ake kira hasumiya mai ruwan hoda, guntayen katako ne guda 10 masu siffar dunƙulen magi, ƙaramin santimita 1 ta kowane gefe, babban santimita 10, wato sai ka haɗa ƙaramin guda 1000 kafin su cika babban. Duk kalarsu ɗaya kuma da gangan aka yi haka, don kada kala ta ɗauke wa yaro hankali, girma kaɗai ake so ido da hannu su gane. Yaro zai riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya zuwa kan tabarmarsa, tun a hanya hannunsa na gaya masa wannan ya fi wancan nauyi, sannan ya ɗora su daga babba zuwa ƙarami, in ya yi kuskure ba sai malama ta ce komai ba, shi da kansa zai ga abin ya fito a karkace ko ya rushe, ya sake. Nan ne dabarar take, kayan ne ke yin gyaran. Haruffa ma da sanfefa irin ta kafintoci ake yanka su a manna a allo, yaro ya bi da yatsa yana jin kaushin tun kafin ya riƙe fensir.

Shi ya sa ni a wajena yaron da ya zauna yana fere karan dawa yana haɗa mota, yana gwada wace taya ce ta yi daidai, ya fi kusa da abin da matar nan take nufi akan wanda aka jibge wa robobi masu kiɗa da walƙiya.

Kuma babu mai hana ka rubuta sunan a allonka, kowa ma yana iya sawa. Na taɓa leƙa wata da ta sa, na tarar da yara 'yan shekara 3 a jere kan benci suna maimaita A B C da ƙarfi, malama riƙe da bulala. Lilon kuwa an ɗaure shi da sarƙa wai kar yara su lalata.