Shanghai ba ta taɓa zama mallakar Ingila ba

Mutane da yawa na ɗauka Ingila ta mulki Shanghai kamar Hong Kong tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ba haka ba ne. A wancan lokacin Hong Kong gwamnan Ingila ke riƙe da ita. Shanghai kuwa ƙasar Sin ce. A lokacin, unguwar baƙi ta ƙasa da ƙasa, wani yanki na birnin da aka ware wa 'yan ƙasashen waje, tana hannun majalisar gari da baƙi masu biyan haraji ke zaɓa, Ingilawa kuma suka fi rinjaye a ciki. Ƙarfinsu na gaske shi ne alƙalan Sin ba su da ikon yi musu shari'a, sai kotun Ingila da ke birnin, abin da ya ƙona ran Sinawa. Bayan 'yan sandan majalisar sun harbe masu zanga-zanga ranar 30 ga Mayu 1925, ƙaurace wa kayan Ingila ya tilasta sassauci, aka ba Sinawa kujeru a majalisar a 1928. Gatar shari'ar sai 1943 aka soke ta.