Jitar bes da kayan sautin dandamali

Jitar bes abin kiɗa ce mai tsirkiya wadda ke aiki da lantarki. Aikinta a ƙungiyar makaɗa shi ne riƙe amo mafi kauri, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai ganga. Wadda aka fi sani tana da tsirkiya huɗu, akwai kuma mai biyar da mai shida. Muryarta ita kaɗai ba ta cika ɗaki, shi ya sa ba a raba zancenta da na amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da lasifika. A Kaduna an fi ganin ta a hannun makaɗan majami'u, da ƙungiyoyin da ke wasa a otal-otal da wuraren shaƙatawa.

Tarihi

Kafin zuwanta, makaɗan Turai da Amurka suna amfani da ƙatuwar bes ta katako wadda ake tsayarwa a ƙasa, tsawonta ya kai na mutum. Ga wahalar ɗauka, ga shi kakaki da ganguna suna danne muryarta. Wajen tsakiyar shekarun 1930 wani makaɗi a birnin Siyatil na Amurka, Paul Tutmarc, ya ƙera bes mai lantarki da ake ratayawa kamar jita, amma ba ta samu kasuwa ba. Sai a 1951 da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya ta karɓu. A 1960 kamfaninsa ya ƙara da Jazz Bass, mai siririn wuya da maganaɗisun ɗaukar sauti guda biyu. Tsawon tsirkiya inci 34 da Fender ya zaɓa, shi ne ma'aunin da yawancin masu ƙira ke bi har yau. A 1976 StingRay ta kamfanin Music Man ta yaɗa salon sa batir a cikin jita domin gyara amo tun daga jikinta. Ta ɓangaren amfilifaya kuwa, Ampeg SVT ta 1969, mai ƙarfin wat 300 da akwatin lasifika takwas, ita ce ta zama abin kwatance a manyan dandamali, duk da cewa amfilifayar kaɗai, ban da akwatin, ta kusa kilo 40.

A Najeriya jitar bes ta shigo ta hannun makaɗan hailaif, ta samu gindin zama a shekarun 1960 da 1970. A Kaduna sunan da ake fara ambata shi ne marigayi Bala Miller, wanda ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pyrameeds wajen ƙarshen shekarun 1970, ya kuma yi shiri a talabijin na ƙasa a shekarun da suka biyo baya. Daga shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Hausa suka bunƙasa, sai fiyanon Yamaha ta karɓe aikin: mutum ɗaya a situdiyo yana fitar da ganga da bes da sarewa daga yatsunsa. A bukukuwan Hausawa da dama a yau, mawaƙi kan hau kan kiɗan da aka riga aka naɗa ne. Majami'u, musamman a unguwannin kudancin gari irin su Sabon Tasha, Barnawa, Kakuri da Narayi, su suka riƙe kiɗan kai-tsaye, kuma a nan yawancin matasan makaɗan bes ke koyo.

Zaɓen jita

Sunayen da aka fi gani a kasuwa su ne Fender, Squier, Yamaha, Ibanez da Cort, tare da jabu masu ɗauke da tambarinsu. Tsirkiya mafi kauri a mai huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta mai biyar kuwa kusan sau 31. Makaɗan majami'a sun fi karkata ga mai biyar saboda wannan zurfin. Mai sayen ta hannu yakan duba miƙewar wuya, da ko tsirkiya tana gogar ƙarafan da ke gindaye a kansa, da ko maɓallan suna ƙarar ƙasa-ƙasa idan an murɗa. Batun ko irin katako yana sauya amon jitar lantarki, an daɗe ana gardama a kai, ba a daidaita ba.

Amfilifaya da haɗin sauti

Amo mai kauri yana cin wuta fiye da siriri, don haka mai bes yana buƙatar wat da ya ninka na mai jitar gaba. Lasifikokin bes galibi om 4 ne ko om 8; om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tirje wa wutar da amfilifaya ke turo mata. Idan aka jona masu om 8 guda biyu, kowace da wayarta kai-tsaye daga amfilifaya ɗaya, adadin kan koma om 4, kuma sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya yana iya ƙona ta. Sababbin amfilifaya, waɗanda ake kira samfurin D, ba su da nauyi, ana saƙala su a jaka a hau Keke Napep.

A babban taro, amfilifayar makaɗi don kunnensa ce kawai. Abin da jama'a ke ji yana bi ta ƙaramin akwatin da ake kira DI, ya shiga miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka tana daidaita su, daga nan ya tafi manyan lasifikoki da masu inci 18 da ake ajiyewa a ƙasa domin kaurin amo. Makirfon Shure SM58, wanda ya fito a 1966, har yanzu shi ne na gaban mawaƙa, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Miksa mai ƙwaƙwalwa irin Behringer X32 ta 2012 ta yaɗu saboda tana adana saiti. Buɗaɗɗen fili kamar Dandalin Murtala yana shanye amo, zaure mai siminti da kwano kuwa yana mayar da shi har magana ta cakuɗe. A zaure rage bes ake yi, abin da ba kowane makaɗi ke son ji daga bakin injiniya ba.

Wuta da yanayi

Wannan ɓangaren ya fi sunan kamfani tasiri a kan daɗewar kaya. Wutar Najeriya bolt 230 ce, yawancin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa na bolt 120 ne, sai an sa musu taransifoma mai rage ƙarfi. Galibin wasanni da janareta ake yi. Idan janaretan ƙarami ne, ko an jona masa firiza da fitilun ado, wuta kan yi ƙasa daidai lokacin da bes da ganga suka buga tare, amo ya dusashe. Masu sana'a kan sa sitabilaiza, su kunna amfilifaya a ƙarshe, su kuma fara kashe ta kafin komai. Gunjin da ake ji a lasifika sau da yawa daga matsalar wayar ƙasa yake fitowa.

Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska kan bushe, katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafa ya fito yana karce yatsu. Ana gyara lanƙwasar wuya da sandar ƙarfen da ke cikinsa, a murɗa kaɗan-kaɗan. Ƙura tana shiga maɓallai da fankar amfilifaya. Da damina kuma tsatsa ce ke cin tsirkiya da bakin wayoyi.

Kasuwa da haya

Yawancin sababbin kaya ta Legas suke shigowa, musamman kasuwar Alaba, kuma farashinsu yana bin dala. Ƙungiyoyi da yawa jita da wayoyi kawai suka mallaka. Lasifikoki da miksa da janareta hayarsu ake yi, tare da injiniyan da zai kula da su.