Ma'anar aniloks a injin fileso

Aniloks ita ce rolar da ke auna tawada a injin fileso, irin injin da ke buga rubutu a ledar fiya wata da buhun shinkafa da kwali. A ido sumul take, amma ɗora mata madubin ƙara girma ka ga ƙananan ramuka masu kusurwa shida, jere reras kamar saƙar zuma. Da leza ake tona su a rufin tangaran na jikinta. Ramukan su cika da tawada, wuƙar inji (siririn ƙarfe da ke shafar jikin rolar) ta kankare rarar, abin da ya saura a ciki shi ke hawa faranti, wato shimfiɗar mai ɗauke da zanen da za a buga.

Lambobi biyu ake dubawa: yawan ramuka a inci ɗaya, da yawan tawadar da suke iya ɗauka, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira BCM. Farar tawada da launi mai cike fili suna son manyan ramuka, kamar ramuka 250 zuwa 400 a inci ɗaya. Hoto mai ɗigo-ɗigo kuwa sai ƙananan ramuka, 800 zuwa sama. Ƙa'idar masu aikin ita ce ramukan rola su ninka layukan ɗigo da ke inci ɗaya na faranti sau biyar ko shida, faranti mai layi 133 a ba shi rola mai 800. In ramin ya fi ɗigon faranti faɗi, ɗigon zai nutse ciki, ya kwaso tawada har gefensa, bugu ya fito da datti.

Inda aka fi tafka asara shi ne toshewa. Da an tsayar da inji, tawada ta fara bushewa a gindin ramuka, balle a lokacin zafi ko hunturu. Launi ya dushe, mai inji ya ƙara matse faranti, sai ɗigo ya baje, haruffa su yi kauri da zobe a bakinsu. Matsi ba ya maganin toshewa, faranti kawai yake kashewa. Taɓawa ce ake so, iya wadda za ta sauke tawada.

A wanke rola tun tana da danshi. Tawadar da ake haɗawa da ruwa a riƙe pH ɗinta, wato ma'aunin tsami, tsakanin 8.5 da 9.5, a riƙa auna kaurinta da kofin awo ana duba daƙiƙoƙin da take ɗauka kafin ta tsiyaye. Rola mai rufin tangaran burushin bakin ƙarfe marar tsatsa take so, na tagulla yakan bar ɓurɓushi cikin ramuka. Layin da ɓarɓashin wuƙa ya zana a jikinta kuwa wanki ba ya fitar da shi, sai an sake mata rufi an tona sabbin ramuka.